Ƙofar Ɗakin Agwagi

Da na iya karanta lambobin tef ɗin awo a ajin yaƙi da jahilci, sai na ce wa maiɗakina ni zan gina wa 'ya'yan agwaginta ɗaki. Na auna su ɗaya-ɗaya, na fitar da ƙofa daidai jikinsu don kada muzuru ya shiga.

Ta ce, "Malam, ba za su girma ba?"

Na ce, "Ke dai kawo ruwan kwaɓi."

Wata biyu suna kulle, muna zuba musu dusar shinkafa ta taga. Ranar sakinsu toron ya zuro kai, ƙirji ya ƙi wucewa. Da diga na rushe aikina, maƙwabta suna leƙe.

Har yau in na nemi ƙarin tuwo sai ta ce, "Injiniya, ka auna ƙofar ɗakinmu kuwa?"