Yadda Kaka Take Tashi Daga Kujera

"Lafiya ƙalau, tunda ka tambaya. Wata bakwai ina ajiye da amsar nan, har ta fara tsami," in ji Kaka.

Jikan ya tsaya a bakin ƙofa, waya a hannu, sandar ɗora kyamara a hammata. Aikinsa motsa mutanen zane a kwamfuta, a wani kamfanin fim ɗin katun. An ba shi wata tsohuwa ya tayar da ita daga kujera, daƙiƙa huɗu kacal, amma sau uku yana kaiwa shugabarsa tana dawo masa da aikin. Kansa ya ɗauka a bidiyo yana kwaikwayon tsufa, ya ranƙwafa yana karkaɗa gwiwa, ya bi wannan ya zana. Shugabar ta ce ita dai saurayi mai ciwon ciki take gani. Ko ya nemo tsohuwar gaske ya kalla, ko ranar Litinin a ba wani aikin. Sai a lokacin ya tuna yana da kaka, kuma tun daga mota kunya take cinsa.

"Amaryata, komai naki ya tsufa ban da bakin nan."

"Ka ji mijin banza. Wancan na jikin bango ma ya fi ka leƙo ni, shi da yake kabari." Ta nuna hoton kakansa da haɓa. "Me ka kawo mini?"

"Suna na kawo miki. A fim zan sa ki."

"Wato hannu Rabbana ka zo."

Ya kafa wayar a gefen kujerarta, ya ja baya har ta fito duka, daga ɗankwali zuwa silifa.

"Tashi kawai za ki yi. Ba fuskarki nake so ba, wa zai saya? So nake in ga inda nauyinki yake sauka, wace ƙafa ce take fara ɗauka."

"Nauyina a kan 'ya'yana yake sauka, su kuma duk sun kauce."

"Kaka, ki tashi dai."

Ta gyara ɗankwali, ta kalli wayar ido cikin ido, ta miƙe tsaye cak kamar soja. Ya ga yadda ta cije haƙora, ita ma ta san ya gani.

"Wannan ai fareti ne. Wa kike so ki burge, ni da na riga na aure ki?"

"Ka ce in tashi, na tashi. Ko so kake in rarrafa, abokanka su ci dariya?"

"Ki tashi yadda kike tashi kullum."

"Wa ya gaya maka yadda nake tashi kullum? Kana nan?"

Ya shiga gyara sandar da ba abin da ya same ta. Suka sake sau biyu, ta gaba da ta gefe, duk faretin ne. Abin da ya yi a ofis shi ne take yi masa: shi yaro ya yi ƙaryar tsufa, ita tsohuwa tana ƙaryar ƙuruciya. Ransa ya ɓaci, ya zube a kan tabarma ya dafe kai.

"Shi ke nan, kin ci. Litinin a kore ni, in dawo ki ciyar da ni."

"Da me? Da maganin hawan jini? Zauna in kawo maka ruwa, kada a ce na kashe miji na biyu da ƙishi."

A zatonta an gama, shi kuma ya manta bai kashe wayar ba. Ta matso bakin kujera a hankali, ta ja ƙafar dama ta shigar ƙasa, ta yi gaba ta dawo har sau biyu. Sannan hannunta na hagu ya miƙa gefe, yatsu a buɗe, ya tsaya a iska yana jira. Da bai sami kowa ba ya sauko kan gwiwa, ta dafa ta tashi.

"Kaka, hannun nan me yake nema?"

"Ƙuda nake kora."

"Ba ƙuda a ɗakin nan."

"Akwai, ga ka nan." Ta kalli hannun kamar na wata. "Shekara hamsin da ɗaya akwai hannun riga a wajen. Na gaya masa an binne mai rigar, ya ƙi ji. Taurin kai gare shi irin naka."

Ya juya ya ga jan ɗigo yana ƙiftawa a wayar. Abin da ya yi sati uku yana nema yana ciki, amma maimakon murna sai ya ji kamar ɓarawo.

"Ta ɗauka. Ban sani ba, wallahi. Bari in goge."

"Ka goge, bayan ka kwance mini ƙugu sau huɗu?" Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Kai musu, na bar maka. Amma ka zana shi daidai, har jiran da yake yi. Kada ka rage."

Ya mayar da bidiyon baya, yana bi hoto bayan hoto.

"Daƙiƙa ɗaya da rabi yake jira."

"Ashe ya ragu. Farkon rasuwar sai in manta da shi a sama."

Ta juya za ta nufi wajen ruwa, ƙafar ta ɗan gurɗe. Ya zabura ya miƙa mata hannu. Ta dube shi sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Wannan siririn? Kakanka zai yi dariya." Ta kama hannun rigar, ta riƙe gam. "Kawo dai. Na san aro ne, daga Litinin ba zan ƙara ganinsa ba."