Layar Da Na Ciro Daga Ƙarƙashin Sitiyari

Ba zan taɓa mantawa da makonni ukun da Yaya Alhaji ya bar mini amanar motarsa ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma yana da wata tsohuwar bas da ke jigilar mutane da kaya daga Ƙaura zuwa Shinkafi, wasu ranakun kuma ta nufi Zurmi. Da zai tafi Umara sai ya ce in riƙa sa ido a kanta. Ban san komai game da mota ba, amma na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo, kuma a danginmu duk wanda ya taɓa magana ta cikin akwati ana ɗaukarsa ya san komai. (Ni ma, in faɗi gaskiya, ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu wannan fahimta ba.)

Direban motar shi ne Malam Garba, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ya daɗe yana bin hanyar nan, ya san ranar da ake bi da ranar da ake haƙura, ya san ƙauyen da za a tsaya a tambayi labarin gaba kafin a wuce. Da wannan motar yake ci da iyalinsa.

Wata Laraba da yamma na karɓi motar na kai ta ƙofar gidana, wai in sa a share ta sosai kafin kasuwar Shinkafi. Ina da wata ɗabi'a ta son leƙa cikin abubuwa. Tun ina yaro ba a barin agogo kusa da ni. To, na zauna a kujerar direba ina taɓa wannan ina taɓa wancan, har na zura hannu ƙarƙashin sitiyari. Nan yatsuna suka ci karo da wani ɗan ƙulli. Na durƙusa na haska. Wani abu ne kamar girman ɗan yatsa, an naɗe shi da baƙin salatif, an ɗaure shi tam dab da inda ake sa makulli, a wurin da ido ba ya kai wa.

Ba a Landan aka haife ni ba. Na san yadda laya take, kuma na san wasu direbobinmu, saboda halin da hanya take ciki, ba sa rasa 'yan dabarunsu. Sai dai ni na taɓa gabatar da shiri sukutum a kan camfi, kuma Yaya Alhaji mutum ne da ko jin kalmar laya ba ya so. Na sa reza na yanke ɗaurin. Na so in buɗe in ga abin da aka rubuta a ciki, amma matata ta ce kada in kuskura in buɗe mata shi a gida. Sai na samo ambulan na saka, na liƙe, na rubuta a bayansa da kyakkyawan rubutu: Hujja. An same ta a ƙarƙashin sitiyari, ranar Laraba, bayan la'asar.

Da safe Malam Garba ya zo ɗaukar mota. Ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Injin ya yi ta gurnani amma ya ƙi kamawa. Ya sake, haka. Wata 'yar jar fitila a allon gabansa tana ta ƙiftawa. Ina tsaye ina kallo, sai na ga bai ko nufi wajen injin ba. Sunkuyawa ya yi ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari, daidai wurin nan.

Na ji wani daɗi irin na ɗan jarida da labarinsa ya tabbata. Na ce masa abin da yake nema ba ya nan.

Ya ɗago ya dube ni. "Kai ka ɗauke shi?"

Na ce ni ne.

"To, Malam, in ba shi nan, motag ga ba ta tashi."

Ka ji fa. A ganina mutum ya amsa laifinsa da bakinsa, har ya haɗa da barazana. Ya buɗe baki zai ƙara bayani, na ɗaga masa hannu na ce ba na bukatar darasin tsibbu da sanyin safiya, ya ajiye makulli ya tafi gida sai an neme shi. Ya ajiye makullin a kan kujera, ya gyara hularsa, ya tafi. Fasinjojin da ke jiransa a tasha da buhunansu sai wata motar suka nema.

Ban tsaya nan ba. Na aika wa Yaya saƙon murya na kusan minti huɗu, da irin muryar da nake karanta labaran ƙarfe bakwai. Na jero abin da na gani, da inda na gan shi, da abin da wanda ake zargi ya faɗa. Yaya ya amsa a taƙaice, muryarsa a sanyaye, ya ce bai taɓa zaton haka daga Garba ba, amma in haka ne a fara neman wani direban kafin ya dawo.

Yanzu sauran abu guda: in tayar da motar ba tare da laya ba, kowa ya ga ilimi ya fi camfi. Na kira wani makanike na unguwarmu. Ya duba batir, ya duba fulogi, ya saurari famfon mai, ya ce duk lafiya. Daga nan ya girgiza kai ya ce sai dai in ƙwaƙwalwar motar ce ta mutu, wadda su suke kira birenbos. Ban taɓa sanin mota tana da ƙwaƙwalwa ba. Ya kwance wani murfi ta gefen ƙafar fasinja ya zaro wani akwatin ƙarfe mai faɗin littafi, da tulin wayoyi a bakinsa. Ya ce ita ce ke auna man da injin zai sha, da iskar da zai shaƙa, da lokacin da wuta za ta tartsa. Ban gaya masa maganar ambulan ba. Me ya haɗa kimiyya da laya?

Aka aika Gusau a nemo wata 'yar Kwatano mai lamba iri ɗaya da tamu. Kwanakin da muka yi muna jira, tsohuwar tana kan teburina tana kallona ina kallonta. A rana ta uku na kasa daurewa. Na ɗauko sukundireba na buɗe ta, don kawai in ga yadda mutuwar ƙwaƙwalwa take. Ciki wani koren allo ne, kamar taswirar gari daga sama, da tituna da gidaje da 'yan rumbuna. Ban ga alamar ƙuna ba. Na ce wataƙila tana ta ƙasa, na sa bakin sukundireba na ɗan banƙara allon. Ya ce ƙas. Wasu 'yan abubuwa biyu suka faɗo, ɗaya ya gangara ƙarƙashin kabad. Na mayar da murfin a hankali, na gaya wa kaina ai dama gawa ce.

Da sabuwar ta iso aka ja motar zuwa garejin Shehu Rewaya, mai gyaran wutar mota, wanda aka ce a duk Ƙaura shi ne ya iya magana da ƙwaƙwalwar mota. Gajere ne mai furfura a gemu, da tabarau ɗaure da zare. Garejin nasa yana kusa da tasha, don haka direbobi da 'yan kamasho da ba su da lodi suka taru a inuwar darbejiya suna kallo. Labarin layar Malam Garba ya riga ya zaga. (Ba zan ce ban san wanda ya yaɗa shi ba.)

Shehu ya ɗaura akwatin, ya soka wata waya a ƙarƙashin allo, ya haɗa da kwamfutarsa. Na tsaya a kafaɗarsa ina ta tambaya, shi kuwa yana amsawa ba gajiya. Ya ce irin wannan ƙwaƙwalwa ba ta yarda da kowane makulli. A cikin kan makullin asali, wato baƙar robar da ake riƙewa, akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa. In an sa makulli, ƙwaƙwalwar takan tambaye shi ko wane ne, in ya ba da amsar da ta sani ta saki mai da wuta, in bai bayar ba ta yi shiru, 'yar fitilar nan ta yi ta ƙiftawa. Wannan da aka kawo kuwa makullin wata motar ta sani, can wata ƙasa, don haka sai an mantar da ita shi, a koya mata namu.

Abin ya burge ni ƙwarai. Har na fara tsara yadda zan yi shiri a kansa.

Ya miƙo hannu na ba shi makulli. Ya juya shi, ya ɗaga tabarau ya sake dubawa. Ya ce wannan ai ƙarfe ne zalla, yankan kasuwa, ba komai a cikinsa. Ya tambaya da shi ake tayar da motar? Na ce shekara da shekaru. Ya ce to lalle akwai kan makullin asali a ɓoye a wani wuri kusa, haka ake yi in makulli ya karye. Yana faɗa yana zura hannu ƙarƙashin sitiyari. Ya lalubo, ya fito da guntun baƙin salatif mai sabon yanka.

Akwai wani irin shiru da kan faɗo a ɗakin watsa labarai in an buɗe makirufo mutum bai shirya ba. Shi na ji a cikin kaina.

Shehu ya tambaya wane ne direban motar, a kira shi. Ba a sha wahala ba, Malam Garba yana zaune a tasha, inda ya yi kwana goma sha ɗaya yana kallon motocin wasu suna lodi. Ya zo ya yi sallama, ya gaida kowa har da ni. Da aka tambaye shi ya ce makullin ya karye ne a kasuwar Shinkafi shekarun baya, wani rewaya na can ya ɗaure kan a wurin, aka yanko na ƙarfe. Alhaji ma yana wurin aka yi, sai dai ko ya manta. Shehu ya ce to ina kan yake yanzu?

Malam Garba ya juyo. Ya dube ni kawai. Daga nan kowa ya dube ni.

Ambulan ɗin yana aljihuna, don ban yarda in bar hujja a gida ba. Na ciro shi. Na so in yage shi da kaina, amma Shehu ya riga ya karɓa. Ya gyara tabarau, ya karanta abin da na rubuta da ƙarfi, kalma bayan kalma, har da bayan la'asar. Ya sa reza ya warware salatif. Wani tsohon kan makulli ya faɗo a tafinsa, har da ɗan ramin da ake sa zobe.

Ba a yi dariya nan take ba, kuma wannan ya fi ciwo. Sai da wani ɗan kamasho ya ce a hankali, "Allah ya tsare mu da sharrin wannan laya," sannan inuwar darbejiya ta fashe.

Shehu, mutumin kirki, ya so ya rufa mini asiri. Ya ce ai abin ya zo da sauƙi, tsohuwar ƙwaƙwalwar lafiyarta ƙalau, a ɗauko ta a mayar, a ɗaure kan makulli, a mayar wa mai kaya tasa. Aka ɗauko ta daga bayan mota, inda na ajiye ta kafin a jawo motar. Da ya ɗaga ta sai wani abu ya yi kacau-kacau a ciki. Ya girgiza ta kusa da kunnensa, ya dubi sukurorin da suka sha sukundireba, ya dube ni ta saman tabarau. Ya ajiye ta gefe.

Haka aka koma kan sabuwar. Ya buɗe ta, ya ɗago wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas da bakin ƙarfe mai zafi, ya ɗora shi a wata 'yar na'ura, lambobi suka cika fuskar kwamfuta. Ya goge waɗanda zai goge, ya mayar da shi, ya liƙe. Sannan ya kara kan makullin a wurinsa, ya murɗa na ƙarfen rabi, ya ce a jira, yanzu suna gabatar da kansu ga juna. Duk kunyar da nake ciki, sai da na matsa na leƙa. Jar fitilar ta yi ta ƙiftawa, ta yi ta ƙiftawa, can ta ɗauke. Shehu ya fito ya ce direba ya zo ya tayar da motarsa.

Malam Garba bai motsa ba. Ya ce shi an ce ya zauna gida sai an neme shi.

A gaban mutanen da na yaɗa wa labarin na ce na neme shi, na zalunce shi, ya yafe mini. Na ciro waya na yi wa Yaya sabon saƙo a nan tsaye, kowa yana ji, kuma wannan karon muryar labarai ta ƙi fitowa. Sai da na gama Malam Garba ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa. Bugu ɗaya ta tashi.

Ya leƙo ta taga ya ce, "Ni dai na so in hwaɗa maka tun ran nan. Amma ku na rediyo, ku ka magana, mu mu ka saurare."

Ya karɓi salatif ya ɗaure kan makullin da hannunsa. Sannan ya roƙi ambulan ɗin. Har yau yana cikin aljihun motar tare da takardu, kuma an ce in tafiya ta yi tsawo yakan ba fasinjan gaba ya karanta.

Dokar farko da aka koya mini a aiki ita ce kada a watsa labari sai an ji ta bakin wanda ake zargi. Na yi shekaru ina koya wa sababbin ma'aikata ita. Ban san ƙwaƙwalwar tsohuwar bas ma ta fi ni kiyaye ta ba, don ita ko makulli ne sai ta tambaye shi ta saurari amsa kafin ta yanke hukunci. Yanzu in na shiga motar ina zama a baya, hannuwana a kan cinya.