Mai Jifa Ya Fita Ta Taga

"Lafiya lau, Habboba. Ya ƙafar taki?"

"Ƙafata tana nan inda na bar ta jiya. Ita ba ta sauya gida ba."

Munzir ya tsaya a bakin ƙofa da ledar lemo a hannu, ya kasa shiga. Kakarsa Bakhita, wadda yake kira Habboba, tana zaune a kan tabarma tana yanka kuɓewa, ko kallonsa ba ta yi ba. Tun da yaƙi ya koro su daga garinsu Madani zuwa wannan ɗaki na unguwar Arba wa Nus, ita ce uwarsa ita ce ubansa a Alƙahira. Tun yana goye take kiransa mijinta, shi kuma da ya yi baki ya fara cewa ya sake ta saboda tsufa.

Ƙwallon Amurka Munzir yake buga wa jami'arsu, irin wadda ake sa hular kwano a yi ta ture juna. Shi ne mai jifa, duk wasan daga hannunsa yake fita. A makon nan wata jami'ar kuɗi a unguwar Tagammu ta yi masa tayin karatu kyauta in zai koma ƙungiyarta, ya amsa. Bai gaya wa kowa ba, ya kashe wayarsa. Abokan wasansa a intanet suka tsinci hotonsa cikin jar rigar sabuwar ƙungiyar yana murmushi, ana dab da wasan ƙarshe na gasar bana.

"Shigo mana, baƙo," in ji ta. "Ko nan ma sai an ɗauke ka hoto?"

Ya shiga ya durƙusa, ya ajiye lemon a gefenta. Ya yi ƙoƙarin nemo muryarsa ta kullum.

"Ni da gidana? Tsohuwa, in ba ni ba wa zai zauna da ke? Haƙoranki ma sun riga mu gudun hijira."

"Haƙorana sun san mutunci. Kowanne sai da ya kwana yana yi mini ciwo, ya sanar da ni zai tafi."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba. Ya ce ita me ta sani a ƙwallo, ita da har yau take ce wa ƙwallon gwanda. Ta ce gwanda ce mana, kuma ta sani sarai, tunda ta taɓa cusa kanta a mikrobas, 'yar bas ɗin haya, ta je ta zauna cikin rana don ta ga mijinta. Abin da ta gani, ƙarti ne sun sunkuya sun ɗaga ɗuwawu sama, shi kuma yana bayansu yana ihu kamar mai kora awaki. Ya ce ai ranar duk filin ya san ta zo, don lokacin da abokan hamayya suka ci ita ce ta fara guɗa. Ta ce ta ɗauka su ne masu gaskiya, don rigarsu ta fi tsabta.

Sai ta ajiye wuƙar.

Ta ce jiya bayan la'asar Kaftin Hussain ya hawo benen nan da gwiwarsa mai ciwo. Shi ne kocin da ya ɗauki Munzir lokacin da ya zo da silifa, ya ba shi takalmin farko. Ba faɗa ya zo yi ba. Tambaya ya zo yi ko yaron lafiya, don wayarsa a kashe take.

"Ni da na yi wa masu bindiga tsawa a hanyar Halfa lokacin da muke gudun yaƙi," in ji ta, "jiya na rasa inda zan sa idona. Mutumin nan ya zauna a inda kake, yana ba ni haƙuri a kan jikana. Ma'alish, ma'alish, kamar shi ya yi laifin."

Munzir ya sunkuyar da kai yana tsinkar bakin tabarma. Ya ce karatu ne kyauta har ya gama injiniya, ba zai sake samun irinsa ba.

"Wa ya ce kada ka tafi? Da ni aka yi wa tayin, da tuni na ɗora hular kwanon nan a kan ɗankwalina."

"Ba za ta shiga ba. Ba su yin girman kanki."

"Sai su ƙera sabuwa, ni ba yayin banza ba ce. Amma ko ni da zan tafi, ta ƙofa zan fita. Kai ta taga ka bi, ango, ka bar mutane suna ƙwanƙwasa ɗakin da babu kowa."

Can ya ce, a hankali, ya yi ta rubuta wa Mazin saƙo yana gogewa. Mazin ne mai cafe jifansa, tun suna yara a Madani yana jefo mangwaro daga kan bishiya Mazin na tarewa a ƙasa. Ya ce zai iya tsayawa ƙattai su rugo kansa bai ƙifta ba, amma ba zai iya kallon idon Mazin ba.

"To gwada," in ji ta. "Ga shi nan bayanka."

Labulen kicin ya motsa. Mazin ya fito da faranti da kofunan shayi, hannunsa duk baƙin tukunyar gas. Tun da safe ta kira shi ya sauya mata, tunda mai yin aikin ya ɓata.

Munzir ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya miƙe, ya sake durƙusawa, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Mazin ya ajiye farantin. "Mabruk, ina taya ka murna, ɗan'uwa," ya ce, ba tare da gatse ba.

Wannan ya fi zagi zafi. Munzir ya roƙe shi ya yafe masa, ya maimaita. Mazin ya ce shi ba tafiyar ce ta ɓata masa rai ba, a bakin wani Bamisire ɗan ajinsu ya ji labarin, har yana musu yana rantsuwa ƙarya ce. Ya ce gobe akwai atisaye, Kaftin na jiransa ya zo ya faɗa da bakinsa a gaban kowa, ya kuma zauna da wanda zai maye gurbinsa ya nuna masa abin da ya sani. Munzir ya ce zai zo, tun kafin a buɗe filin.

Habboba ta ɗauki kofinta ta kurɓa, ta ce tunda lokacin sauya ƙungiya ne, ita ma ta sauya miji. Ta ɗauki Mazin. Shi aƙalla in aka jefa masa magana yana cafewa.

"Mazin, gudu," in ji Munzir yana goge ido da bayan hannu. "Munsharinta har kasuwar Ataba ake ji."

"Khalas, shi ke nan, an ɗaura tun ɗazu a kicin. Kai kuma wa ya gayyace ka?"

"Na sallama, Habboba, kin ci wasan. Amma a bar ni a benci, ko romon miya na samu."

Ta ƙyalƙyale da dariya har ɗankwalinta ya zame, ta tura masa kofin da ya fi cika.

"Yalla, maza sha, ɗan benci. Kai za ka wanke kwanonin ango."