Rasuwar Mai Fure, Langar Albashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har baki, Hansai mai tuwo ta bakin tashar Arlit tana sanar da 'yan uwa da masu cin tuwonta rasuwar langarta, Mai Fure. Ran Talata da hantsi Hansai tana tuƙin tuwo, Dinatu mai wanke-wanke ta shigo da murfi kaɗai a hannu. Motar ma'aikatan ma'adini ce ta ja da baya ta bi ta kan marigayiya. Ba ta sha wahala ba. Ƙwaram ɗaya ta yi, shi ke nan.

An saye ta a Tawa, ta zo Arlit cikin kayan aure, amma aikin albashi ne ya yi mata suna. Duk ƙarshen wata Hansai takan ƙulle kuɗin ma'aikacinta a leda, ta sa a gindinta, ta ɗora tuwo, ta zuba miya, ta rufe, ta aika gidansa. Da haka marigayiya ta ratsa shingayen soja lokacin tawaye, don babu mai tsoma hannu a miyar kuɓewa mai zafi.

A shekarun wadata ba ta taɓa dawowa hannu rabbana ba. Daga gidan Akoli mai kawo ruwa takan zo da cuku, daga gidan Dinatu da dabino, tana tafe murfinta na ƙwal-ƙwal. A shekarar fari, da kamfanin ma'adini ya rage ma'aikata ciniki ya faɗi, wani lokaci sai ta dawo a wanke tas. Nan Hansai takan gane gidan da ba a ɗora tukunya ba, ta aika da tiyar gero ba tare da an yi magana ba.

Ba a rasa ta da aibu. Ita kaɗai ce, gida-gida take bi, na ƙarshe sai wata ya yi nisa yake ganin haƙƙinsa. Surukar Akoli ma ta taɓa kai albashinsa baki.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da Lauratu, 'yar Hansai da ta yi lakkwal, wato boko, ta miƙa biyan ma'aikata ga biron Kalilu, ofishin da ke biya wa masu burodi da teloli ma'aikatansu. Hansai ba ta zargin Kalilu. Yana biya rana ɗaya, cif, ba maiƙo a takarda. Sai dai biro ba ya dawowa da cuku, ba ya kuma dawowa a wanke, don haka yau ba ta san gidan wa ake kwana da yunwa ba. Marigayiya kuwa aka mai da ta 'yar kai abinci tasha, inda ajali ya same ta.

Ta bar murfi ɗaya, da ƙanne biyu na roba marasa kunya, da ma'aikatan da suka ci daga cikinta.

Amumun maƙeri zai karɓi gawar, ya toshe ɓular ƙofar kicin da ita. Za a karɓi gaisuwa ran ƙarshen wata bayan la'asar, in an taso daga biro. Kowane ma'aikaci zai koma gida da kwano a rufe. Hansai na roƙon a dawo mata da shi washegari, kuma don Allah kada wanda ya je maƙwabta neman abin sawa a ciki.