Rasuwar Batirin Gathogo Mai Ɗaukar Madara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar dama da ta kumbura saboda dukan kik, Gathogo Ndirangu, ɗan boda-boda, wato ɗan acaɓa, na tashar Njabini, yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar batirin babur ɗinsa. Marigayin ya cika da safiyar Talata a gindin gangaren da ke sauka rafi, bayan shekara uku da wata biyu a bakin aiki.

Ya rayu a ƙarƙashin kujera, inda ba mai ganinsa, kuma bai taɓa neman a gan shi ba. Kullum ƙarfe biyar da rabi na safe, lokacin da raɓa ke daskarewa a kan ciyawa, yatsun mutum ma ba sa lanƙwasuwa, Gathogo zai danna maɓalli, marigayin ya amsa da muryarsa mai daɗi, "Cir-cir-burum." Da wannan amsar ake ɗaure garewani huɗu na madarar gidaje tara, a kai su mahaɗa kafin motar madara ta tashi ƙarfe bakwai. Direban motar ba ya jiran kowa. Matan gidajen tara kuwa dokarsu a fili take tun ranar da suka ba Gathogo aikin: wanda ya makara sau uku, an sallame shi. Aikin nan shi ne ƙashin bayan gidan Gathogo, domin fasinjan rana yau akwai, gobe babu. Shekara uku cur bai makara ko sau ɗaya ba, ya kuma sha yabo a tasha yana karɓa kamar shi ke tayar da injin da bakinsa.

Jinya ta fara a watan Yuni, lokacin da sanyi ke shigowa a tsaunukan nan. Muryar marigayin ta soma ja, "Ciiir... ciiir." Fitila takan dushe idan babur ya tsaya, hon ya koma kamar na tsoho mai mura. Gathogo ya ce sanyi ne. Duk tashar ma ta ce sanyi ne, domin a Njabini ko taya ta sace, sanyi ake zagi. Sai ya yi abin da kowa ke yi: ya riƙa kwanar da babur a saman tudu, hancinsa na kallon ƙasa, da safe ya sake shi a gangara ya tashe shi da giya. Tunda babur yana tashi, wa zai tsaya tambayar lafiyar wanda ke ƙarƙashin kujera?

Kibe makanike ya tare shi sau biyu a gaban garejinsa.

"Kawo shi in ɗora masa mita, Gathogo. Minti goma ne."

"Minti goman wa? Kai da kake tashi bayan shanu sun ƙoshi, ka san darajar minti goma?"

Iyalan mamacin suna so a rubuta wannan amsa a nan yadda aka faɗe ta, duk da mai ita ya roƙi a cire.

An yi magani, kada wani ya ce ba a yi ba. An canza fulogi sau uku, kowanne lafiyarsa ƙalau. An wanke kafireto sau biyu. An ja cok har igiyarsa ta tsinke. An lulluɓe babur da bargon gado, an tura masa murhun gawayi a ƙarƙashin inji, abin da ya jawo Nyokabi, matar Gathogo, ta yi sati tana dafa shayin safe a makare.

"Baban Wacera," in ji ta, "ni da babur ɗin nan, faɗa mini wanda aka biya wa sadaki. Ni ban taɓa samun bargo da murhu a lokaci guda ba."

An kuma ciro marigayin an kai shi shagon caji a kasuwa. Ya dawo da ƙarfinsa, ya yi kwana biyu yana "Cir-burum" kamar da, Gathogo ya zaga tasha yana cewa ya gano ciwon. Rana ta uku ya koma "Ƙyas... ƙyas." A nan ne, abin kunya, mai makokin yau ya kira shi malalaci, ya kira shi jabu, har ya ƙwanƙwashe shi da sifana a gaban jama'a. A watan Yuli aka makara sau biyu. Mama Wangechi, shugabar matan, ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna masa yatsu biyu, ta ce, "Ɗana, ni ina ƙaunarka, amma saniyata ba ta san ka ba."

Ranar Talata aka ɗaure garewani, aka saki babur daga saman tudu kamar kullum. Gathogo ya sa giya, ya saki kuloci, inji ya yi tari ya yi shiru. Ya sake, ya sake. Babur ɗin irin wanda tartsatsinsa daga batir yake fitowa ne, marigayin kuwa ba shi da sauran abin bayarwa. Haka suka gangara shiru har bakin rafi, inda hanya ke hawa ta gaba, ta kuma hau ta baya. Gathogo ya doki kik har ya daina ƙirga, gumi na zuba masa a cikin wannan sanyi. Da ya danna maɓalli a karo na ƙarshe, marigayin ya ce "Tak," bai ƙara ba. Daga nan ƙasan ana jin hon ɗin motar madara sarai lokacin da take tashi. Madarar gidaje tara ta koma gida a bayan jaki, 'yan maruƙa da masu shayi suka yi biki.

Kibe ne ya binciki gawar. Ya ɗora aron batir, ya tayar da inji, ya sa mita. Inda ya kamata ta nuna sha huɗu, ko sha biyu ba ta kai ba. Ya cire kujera, ya bi waya da yatsa har mahaɗin da ke dawo wa batir da wuta daga inji. Mahaɗin ya yi kore shar, ya ruɓe, yana warin tsohon kindirmo. Shekara uku madara na ɗiga daga bakin garwa a kowane rami na hanya, tana bin ƙarƙashin kujera tana sauka daidai nan. Marigayin ya yi watanni yana ciyar da fitila da hon da inji daga jikinsa, ba a mayar masa da komai, har ya ƙare ƙaf yadda ko caji ba zai ƙara riƙewa ba.

Kibe ya kankare mahaɗin, ya naɗe shi da roba, ya dubi agogonsa.

"Minti takwas," ya ce. "Na ma yi maka ƙarya, ban kai goma ba."

Wannan shi ne abin da ke cin Gathogo, ya kuma yarda a faɗa a fili: haushi yake ji, haushin da ba shi da wanda zai sauke wa. Ya zagi sanyi, ya zagi mai sayar da fetur, ya zagi marar laifi, alhali ciwon yana ƙarƙashin mazauninsa yana hawa kansa kullum.

Marigayin ya bar babur guda mai cikakkiyar lafiya, da fitila, da hon, da fulogai uku da aka kora daga aiki bisa zalunci, suna zaune a gwangwanin man shafawa. Ya bar bargo mai ƙonanniyar kusurwa. Ya bar mai gidansa, wanda matan suka zauna a kansa ranar Laraba suka ɗaga hannu, suka ba Kirubi, abokin tasharsa, aikin madara.

Za a yi zaman makoki ranar Juma'a da yamma a garejin Kibe. Akwai shayi da dafaffen dankali. Ana roƙon masu cewa "ai da ma na faɗa maka" su yi ta'aziyyarsu daga gida, ban da Kibe, wanda shi kam ya cancanci faɗin haka. Ba a buƙatar furanni.

Ranar Asabar ƙarfe shida na safe za a ɗauki gawar daga gidan mamacin zuwa wurin mai sayen tsofaffin batura a bayan kasuwa, a ƙafa, cikin buhu. Masu rakiya su yi haƙuri idan an ɗan jinkirta tashi. Gida na tara a cikin gidajen madarar nan na Gathogo ne, Nyokabi ma tana cikin waɗanda suka ɗaga hannu, don haka sai mai makoki ya fara tsayawa a bakin hanya da garwar gidansa, ya jira Kirubi, ya taya shi ɗaurewa.