Rasuwar Jitar Yaya, Mai Rawar Murya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya ma a gefe guda, nake sanar da 'yan uwa, da abokan kiɗa, da maƙwabtan da suka yi shekaru suna haƙuri da mu, rasuwar jitar lantarkin gidanmu, wadda aka fi sani da Mai Rawar Murya. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, a gaban idona, bayan jinyar wata huɗu. Babu wanda ya san ainihin shekarunta. Da tsufanta ta zo mana, ta kuma yi shekara ashirin da shida a gidan nan: tara a hannun yayana, sauran a hannuna.

Marigayiya ja ce, amma jan ya daɗe da koɗewa. Inda damtsen Yaya ke gogawa fenti ya tafi har katako ya fito, ya yi sulɓi. Tana da siririn wuya da nauyin da ke sa kafaɗa tsami. Ba don kyau aka so ta ba. An so ta ne saboda jakinta, wato ƙarfen nan da tsirkiyoyi ke hawa kansa. Nata ƙirar dā ce: sukurori shida ke riƙe da shi, a bayansa akwai rami a cikin katakon inda sifirin uku, wato murɗaɗɗun wayoyin ƙarfe masu miƙewa su koma, suke ɗame, sai 'yar lanƙwasasshiyar sanda da ake kamawa da ƙaramin yatsa. In ka danna sandar, sauti ya nutse. In ka saki, ya taso yana karkarwa. Aibinta ɗaya, kuma ba zan ɓoye shi don ta mutu ba: ba ta riƙe saiti. Waƙa uku sai an tsaya an sake ɗaure ta, jama'a na jira.

Yayana mai i'ina ne. Kafin ya ce mini "ƙanena" sai haƙuri ya kusa ƙare wa mai sauraro. Da sandar nan yake magana. Ranar da ya mare ni don na taɓa ta ba izini, bai iya ba ni haƙuri da baki ba. Da la'asar ya zo ƙofar shagon da nake koyon ɗinki, ya zauna a kan benci, ya kaɗa tsirkiya ɗaya ya yi ta jan ta, iii, iii, kamar mai roƙo, har na yi dariya. Abokansa duk sun koma jaki na zamani, mai maƙale tsirkiya da ƙarfe ta yadda saiti ba ya motsi. Shi ya ƙi. Ya taɓa ce mini na zamanin yana mayar da sauti daidai inda ya ɗauko shi, nasa kuwa yakan dawo saura kaɗan, kuma wannan saura kaɗan ɗin shi yake so.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Na rataye jitar a ƙusa a ɗakinsa, wanda ke jikin ɗakin Inna, mahaifiyarmu. A makon ne na fara jin abin. Inna ta kira ni daga tsakar gida, kafin in amsa sai wani siririn amo ya fito daga ɗakin, mmm, yana rawa, daidai yadda Yaya ke maƙalewa kafin kalma ta fito. Ba a jona ta da wuta ba. Babu kowa a ɗakin.

Mai gyaran kayan kiɗan unguwarmu, wanda kowa ke ce wa Injiniya, ya yi mini bayani. Ya ce sifirin ɗin ne ke ɗaukar ƙarar waje, babu wani aljani a ciki. Na yarda da shi. Abin da bai iya gaya mini ba shi ne dalilin da ya sa maiɗakina take ƙwala kira jitar ta yi shiru, ni ma in yi ta yi shiru, amma Inna ko a hankali ta yi magana sai an amsa.

Inna ba ta taɓa son jitar ba. Cewa take yi ita ta raba ɗanta da makaranta. Ba ta kuma taɓa ce mini ta ji komai ba. Sai dai na lura ta koma kirana daga bakin ƙofar ɗakin Yaya, ko da tana ganina zaune a gabanta. In ta kira, sai ta ɗan tsaya kafin ta faɗi abin da take so. Shekara goma sha bakwai muna haka, babu wanda ya tayar da maganar.

Ga yadda ciwon ajali ya samo asali, kuma ni ne sila. Ni tela ne, amma ran Asabar da yamma nakan yi kiɗa da wata tawaga a lambun wani otal. Bana muka yi sabon shugaba, Madugu, mutum mai kunne kuma marar haƙuri. Ya ce ba zai ƙara tsayawa yana ba mutane labari ina murɗa kunnuwan jita ba, ko in sa mata jakin zamani ko in ba wani wuri. Na kai ta wurin Injiniya. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya ce sabon jakin ya fi ramin girma, sai an fafe katako, katakon kuma ya bushe ƙamas. Sau biyu ya tambaye ni ko na tabbata. Sau biyu na ce ya yi.

Aikin ya yi kyau. Asabar ɗin nan waƙa goma sha uku muka yi ban taɓa kunnenta ko sau ɗaya ba. Madugu ya rungume ni. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na dawo na rataye ta a ƙusarta.

Washegari da safe Inna ta tsaya a bakin ƙofar ta kira ni. Ta jira. Ta sake kira. Ina tsakar gida da buta a hannu, na kasa amsawa, domin ni ma jira nake. Sai ta juyo ta dube ni.

"Me ka yi masa?"

Na ce, "Jitar, Inna? Gyara aka yi mata."

Ta ce, "Ba ita na tambaye ka ba."

A ranar na koma wurin Injiniya. Tsohon jakin yana nan cikin gwangwani, bai yar ba. Na ce ya mayar mata da shi. Ya cike inda ya fafe da sabon katako da gam, amma tsaga ta riga ta kama, siririya kamar gashi. Wata huɗu yana ɗaure ta da matsi yana kwancewa. Ran Talata ya ce ta warke, mu gwada. Ya ɗaura tsirkiya huɗu lafiya. Yana cikin ɗame ta biyar muka ji ƙas, katakon ya dare tun daga jaki har gindin wuya. Sifirin ɗin suka zubo ƙasa. Ɗaya ya gangara ƙarƙashin tebur yana amo, ya daɗe yana yi, fiye da yadda ya kamata ƙarfe ya yi. Injiniya ya tsaya da sukurdireba a hannu bai motsa ba har amon ya ɗauke. Ina shaida wa jama'a cewa ba shi da laifi, kada wanda ya zarge shi.

Marigayiya ta bar tsohuwar sifika mai tari kafin ta kama, da wayar jona ta mai ɗauri uku, da madaurin fata wanda Yaya ya ƙara wa huda da ƙusa, da akwatinta mai warin kafur. Ta bar ni. Ta bar jakinta kuma, wanda muka ɗora wa wata jitar don mu gani. Na kawo waccan jitar gida, na yi ta neman abin da zai sa Inna ta yi magana kusa da ita, ta yi, babu abin da ya amsa. Yanzu Inna ba ta kirana. In tana so na, bango take bugawa da cokali.

Za a ɗauko gawar daga shagon Injiniya ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a naɗe ta cikin zanen da na ɗinka mata, a rufe ta a akwatinta, a ɗora a saman kabad ɗin ɗakin Yaya. Za a cire ƙusar daga bango. Za a karɓi gaisuwa a shagona har kwana uku, daga azahar zuwa la'asar. Ana roƙon abokan kiɗa kada su zo da kayan kiɗa, kada kuma kowa ya gaya mini inda ake samun irinta. Madugu yana iya zuwa, ban riƙe shi ba.

Masu son gaida Inna su yi haƙuri. Ta ce ba za ta fito ba. Ta ce ta riga ta yi wannan zaman sau ɗaya.