Tafin da na yi ana tsakar Fatiha

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Kawu Sani ya kai ni unguwar Treichville don Alhaji, mahaifin budurwata Ramatu, ya gan ni da idonsa. Ana ɗaurin auren wani ɗan'uwansu ne, kuma Kawu ya riga ya cika wa Alhaji baki cewa duk unguwarmu ta Adjamé Liberté babu yaro mai natsuwa kamata. Dabarar ita ce in zauna kusa da manya, in yi shiru, in an shafa Fatiha Kawu ya buɗe maganar neman aurena.

Matsalar, a satin nan wani sabon faifai ya kama ni. Gangunan samba ne na Brazil, aka zuba musu ƙahonnin jaz na ƙasashen Latin, sannan aka lulluɓe da wani irin pop mai juya kai kamar mafarkin mai zazzaɓi. Ko kalma ɗaya ba na ji a ciki, amma a shago shi ne, a gbaka, motar haya, shi ne. Akwai waƙa guda da kiɗan ke ɗaukewa ɗif a tsakiya, sai makaɗan su tafa gaba ɗaya su yi ihu, "Hei!" Jikina ya haddace wurin nan fiye da lambar wayata.

Muka zauna a ƙarƙashin rumfa a tsakiyar titi. Liman bai zo ba. Zafi, gumi, babbar rigar aro tana cizon wuyana, ga Alhaji can yana satar kallona. Na ce bari in kwantar da hankalina, na zura ekuta ɗaya, ɗan abin jin waƙa, a kunnen da Alhaji ba ya gani, na ja hula ta rufe shi (a lokacin gani nake babu mai wayona).

Wallahi ban san lokacin da liman ya iso ba. Na dai ga an ɗaga hannuwa, ni ma na ɗaga, idona a rufe kamar mutumin Allah. Rumfa ta yi tsit. Kiɗan kunnena ma ya yi tsit.

Sai na tafa. Na kuma ce, "Hei!"

Ba a hankali ba fa, da dukan ƙirjina. Wani tsoho ya zabura har carbinsa ya faɗi. Sanƙira ya tsaya da baki buɗe. Ekutar ta zamo daga ƙarƙashin hula ta sauka kan tabarma, tana ta ƙiriniyarta a gaban liman. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji ya juya a hankali ya ce, "Malam Sani, wannan ne mai natsuwar?"

Kawu ya ce, "Shi ne, Alhaji. Yau ne dai... ban san shi haka ba."

Haka muka haye gada muka koma gida. Ramatu kuwa ta kira tana dariya har da shaƙewa, ni ina nan na tabbata na rasa ta.

Sai da Kawu ya yi ta sintiri da ban haƙuri kafin Alhaji ya sauko. Ya ba ni ita, amma da sharaɗi ɗaya: ranar ɗaurin aurena in zauna a gida, a aiko mini da labari.

Haka kuwa aka yi. Tun daga nan na gane, in za ka gaban manya, ka tafi da kunnuwanka duka biyu.